Zaki Mai Cokali Goma

A layinmu akwai wani bawan Allah da ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya ce bai sani ba. Ka ce famfo ya lalace, ya ce, "Ai na iya." Ka ce agogo ya tsaya, "Ai na iya." Ranar da matar mai shagon kayan masarufi na layinmu ta fara naƙuda, sai da aka riƙe masa riga. Shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba sai Na-Iya. Ni tela ne, shagona yana manne da ƙofar gidan da yake haya, don haka duk abin da ya iya, ni nake fara ganin gawarsa. Fankar shagona ma shi ya gyara mini. Tun daga ranar bango take yi wa fifita, ni kuma ina zaune ina gumi.

'Yarsa kuwa, Auta, shekararta tara, kuma duk maganar da Allah ya raba wa gidan nan uban ne ya kwashe kason kowa. In ka gaishe ta sai ka kai kunne bakinta kafin ka ji amsa. A ƙarshen kowace shekara makarantarsu tana yin wasan kwaikwayo a gaban iyaye, kuma shekara uku a jere Auta bishiya take fitowa: ta tsaya can baya da reshe a hannu har a tashi. To bana sai aka kawo sabuwar malama, ta dubi yarinyar ta ce ita ce zaki. Magana ɗaya ce tak a bakinta. Dabbobi za su yi ta hayaniya, sai zaki ya ce, "Shiru! Kowa ya zauna, sarkin dawa ya iso!" Amma malamar ta kafa sharaɗi: duk wanda bai zo da kayan wasansa cikakku ba ranar Asabar, reshe yana jiransa.

Ran Talata Maman Auta ta kawo mini wani tsohon labule ruwan ɗorawa. Na yanka riga, na yi geza, har wutsiya na sa. Auta ta gwada ta tsaya gaban madubi, na ga haƙoranta a waje, abin da ban taɓa gani ba.

"Saura hannaye," in ji ni. "Da ragowar labulen nan zan ɗinka, in cusa soso a ciki. Gobe ki aiko a karɓa."

"Soso?"

Muka juya. Na-Iya ne a bakin ƙofa, ya dawo daga aikinsa na karanta mitar ruwa, jaka a kafaɗa.

"Soso, Tela? Zaki za ka yi mini ko matashin kai? Ai zaki farce ne. In ka cire farce, kyanwar gidan mai shago ma ta fi shi kwarjini. Ku bar mini hannayen nan."

"Baban Auta," in ji matarsa, "ka tuna da dutsen guga."

"Dutsen guga da ciwonsa ya zo."

"Rediyo fa?"

"Ke dai ba kya mantuwa. Auta, zo nan. Faratan da zan yi miki, in kika ɗaga hannu sai hedimasta ya nemi ƙofa."

Auta ta dube ni, ta dubi ubanta, ta ce a hankali, "Baba, ni dai kar in koma bishiya."

"Bishiya? Ina raye?"

Washegari sai ga shi da leda baƙa daga wurin 'yan gwanjo. Ya zazzage a kan teburin yankana. Safar hannu ce ta fata, hagu da dama, irin ta masu ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki, wadda yatsunta suke tsayawa a rabi, da maɗauri a wuyan hannu. Kafin in gan ta da kyau hancina ya riga ya gaisa da ita. Duk gumin da mai ita ya yi a duniya yana ciki, bai tafi da ko ɗigo ba.

"Ka ga fata?" in ji Na-Iya. "Wannan ta wani zakaran ƙasar waje ce. Dubi tafin, ƙarfe ne ya cinye shi."

"Shi ya gaya maka?"

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"To ɗauke mini ita daga kan yadin mutane, kar a ce a shagona akuya ta kwana."

Ya ce wari ba komai ba ne, ya iya maganinsa. Ya shiga gida ya ɗora tukunyar da Maman Auta take dafa shayi, ya zuba ruwa da omo, ya jefa safar, ya rufe. Ni dai daga shago na ji salati. Da na leƙa, matan gidan hayar duk sun fito tsakar gida, kowa da mayafi a hanci, wata tana tambaya ko ɓera ne ya mutu a silin. Maman Auta tana tsaye ta riƙe ƙugu tana kallon tukunyarta kamar mai ban kwana.

Da ya tsamo safar, ta ƙanƙance ta murɗe, ta koma kamar busasshen ganye. Ya shanya ta a rana, ta ƙara ƙagewa. In ka ƙwanƙwasa ta a bango, amsawa take yi.

"Ta shiga ruwa," na ce.

"Da gangan na yi. Da can ta hannun ƙato ce, yanzu ta dawo daidai na Auta. Kai tela ne, amma wannan lissafin ya fi ƙarfinka."

Auta ta gwada sa hannu, ko yatsa biyu ba su shiga ba.

Ran Alhamis ya yanke wa mofar goge ɗakin matarsa gashi, wai shi ne gashin bayan hannun zaki. Ya sayo cokulan roba farare guda goma, ya fere bakinsu da reza suka yi tsini, wai farata. Na fita sallar la'asar na bar shago a buɗe, na dawo na tarar da shi a kan kekena na ɗinki yana taka feda da ƙarfin tsiya. Allura uku ya karya, ta huɗu tana hanya.

"Keken nan naka ba shi da ƙarfi, Tela. In ka ba ni shi kwana ɗaya..."

"Tashi."

"Ai ɗan sukurun nan ne kawai..."

"Na-Iya, maƙwabtaka daban, keke daban. Tashi tun muna shaida juna."

Da ɗinki ya ƙi, sai ya koma wurin mai gyaran takalmi da yake zama a gindin bishiyar bakin layi. Tsoho ne mai sanyin magana. Ya ɗauko masa gam a ɗan gwangwani, irin wanda in ya kama tafin takalmi sai dai takalmin ya mutu ya bar shi.

"Ka ji ni da kyau," in ji tsohon. "Ka samo itace ka cusa a ciki, ka shafa, ka manna, ka bar shi ya sha iska. Kada ka bari ya taɓa fatar jikinka."

"Baba, ba a gwada wa na rigingine farin wata."

"To Allah ya ba da sa'a."

Ranar Juma'a ta ƙare ana ta shafa wa safar mai ana murza ta don ta yi laushi. Da yamma na kira Maman Auta gefe na ce ta bari in ɗinka na soson a ɓoye, ko da za a buƙata. Sai ta ce ragowar labulen yana wurin mijinta, ya kulle a akwati don kar a yi masa kishiyar aiki. Na ce to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Asabar da safe, wasa ƙarfe goma sha ɗaya. Ƙarfe takwas Na-Iya ya shimfiɗa tabarma a ƙofar shagona, daga shi sai singileti da wando, don duk mai wucewa ya ga gwani yana aiki. Ya jera cokula, ya jera gashin mofa, ya buɗe gwangwani.

"Ina itacen?" na tambaya.

"Wane itace ya kai hannun mutum sanin siffar hannu? In na sa nawa, na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: fata ta buɗe wa Auta, farata kuma su zauna daidai."

Ya shafa sabulu, ya yi ta turawa yana nishi har hannayen biyu suka shige. Rabin yatsunsa suna waje kamar kan kunkuru. Ya dangwali gam da tsinke ya shafa a bakin fatar hannun hagu, ya ɗora cokali a kan kowane yatsa, ya danne. Gam kuwa ruwa ne, ba ya tambayar inda fatar saniya ta ƙare da inda ta mutum ta fara.

"Tela, zo ka yi mini na dama."

"Tsoho ya ce kar ya taɓa jiki."

"Tsoho takalmi ya sani. Zuba da yawa, kar su faɗi a gaban mutane."

"Ka yafe?"

"Zuba, malam!"

Allah ya gani, na faɗa sau biyu. Na zuba, na manna, na bi bayan hannun da gashin mofa. Ya miƙe ya ɗaga hannaye sama yana juyawa don su sha iska. Gaskiya ɗaya ce, sun yi kyau. Yaran layi suka taru, ya yi musu gurnani suka watse da ihu. Mai shago ya fito ya ce, "Kai, yau kam Na-Iya ya iya!" Mutumin ya ji daɗi har ya zagaya layin sau biyu.

Ƙarfe tara da rabi Auta ta fito cikin rigar zakinta, geza ta sha taza.

"Baba, kawo in sa."

"Yanzu kuwa, ranki ya daɗe."

Ya kama maɗaurin da haƙori ya ɓalle. Ya ja. Shiru. Ya sa hannun a hammata ya ja. Ya sa a tsakanin gwiwoyi ya ja har ya yi 'yar ƙara.

"Yana ɗan hutawa ne," in ji shi. "Haka gam mai kyau yake."

Maman Auta ta kama hagu, na kama dama, mai shago ya riƙe ƙugunsa. Muka ja, Na-Iya ya kira sunan mahaifiyarsa. Aka kawo ruwan ɗumi, aka kawo kananzir, wata ta kawo man kitso. Cokali ko ɗaya bai motsa ba. Aka kira tsoho mai takalmi, ya zo ya duƙa ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Ni kaina ban taɓa samun kamu irin wannan ba."

"Baba, yaya za a cire?"

"A jiƙa a ruwan sabulu. Zuwa magariba zai saki."

"Magariba? Wasa ƙarfe sha ɗaya ne!"

"To ka gaya wa gam ɗin, ai ka iya."

Auta ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin wutsiyarta, can ta ce, "Mama, mu tafi. In na makara ko reshen ba zan samu mai ganye ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har da kaina nake jin haushi, don ni na zuba na dama.

Suka yi gaba. Na-Iya ya ce ko ana ha maza ha mata sai ya je ya yi wa malama bayani. Sai dai mai farata goma ba ya iya sa riga. Hannun rigarsa ta fita unguwa ya ƙi wuce cokulan, dole na sa almakashi na farke hannayen biyu har kafaɗa, rigar da ni na ɗinka da hannuna. Ni na sa masa maɓalli, ni na sa masa takalmi. A hanya hancinsa ya yi ƙaiƙayi, ya kai hannu ya kusa tsone ido, sai ni na sosa masa. Muka lulluɓe hannayen da tawul, yana tafe da su a gaba kamar mai ɗauke da tuwon zafi a faranti.

A ƙofar zauren taron makaranta hedimasta yana tsaye yana gaisawa da iyaye. Ya miƙo hannu.

"Sannu da zuwa, Baban Auta."

Na-Iya ya ɗan rusuna. "Yallaɓai, a yi haƙuri, hannun da ɗan uzuri."

"Subhanallahi, ƙuna ce? Mu gani."

Kafin a ce wani abu ya ɗaga tawul. Ya yi baya da sauri har ya taka ƙafar mataimakinsa.

"Sabon salo ne, yallaɓai," in ji Na-Iya. "Ba a fara yinsa a nan ba tukuna."

A bayan dandamali muka sami malama da reshe a hannu, Auta tana gabanta. Yara sun cika wurin, ga zomo da kunnuwan kwali, ga kunkuru da kwano a baya.

"Auta, na faɗa tun farko," malama take cewa. "Ba don ba na sonki ba ne. In na ɗaga miki, sai in ɗaga wa kowa."

Na-Iya ya buɗe baki zai fara, sai muka ji wata 'yar murya.

"Malama, kayana cikakku ne."

"Ina hannayen?"

Auta ta nuna ubanta. "Ga su nan. Jikin Baba kawai suke."

Malama ta dubi faratan, ta dubi mai su, ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Da ta juyo tana share ido ta ce, "To. Ki ɓoye hannayenki a cikin riga. Shi ya durƙusa a bayanki, a rufe shi, ya zuro nasa ta ƙarƙashin hammatarki. Amma Baban Auta, da sharaɗi. Ko tari ban yarda ka yi ba."

"Ai na i..."

"Ko wannan."

Tela ba ya rabuwa da allura. Na ciro zanen teburin malama na kafa shi a kafaɗun rigar Auta da ɗinki huɗu, ya sauka har ƙasa ya rufe mutumin. Aka buɗe labule suna tsakiyar dandamali: ƙaramin zaki da manyan hannaye, ga wani tudu a bayansa yana numfashi.

Abin da aka ce ya yi kawai shi ne ya ɗora hannayen a ƙirjinta ya bar su. Amma mutumin da aka hana wa baki, maganar ta hannu take fita. Dabbobi suna ta hayaniyarsu, sai ga faratan zaki sun ɗaga suna gaida jama'a. Suka gyara geza. Suka nuna hedimasta, suka yi masa jinjina. Iyaye suka fara ƙyaƙyatawa. Da ya ji dariya sai ya ɗauka yabo ne, ya ware hannu ya kai wani wawan kamu a iska, ya tafi da kunnen zomo guda. Zomo ya fashe da kukan gaske. Kunkuru ya zo rarrashi, farce ya maƙale a igiyar kwanonsa, kwano ya faɗi yana ƙara yana gangarawa har gaban kujerun manyan baƙi.

Sai gashin mofa ya shiga hancin Na-Iya. Na ga tudun ya kumbura, ya sake kumbura. Ya kai hannu zai toshe hanci, cokali ya kama zanen, atishawa ta zo ta tafi da ɗinkina huɗu gaba ɗaya.

Ga Na-Iya a fili, a durƙushe, gumi sharkaf, riga ba hannaye, kunnen zomo a rataye a ɗan yatsa.

Zauren ya kece. Mutane suka miƙe tsaye don su gani da kyau, wasu suka hau benci, hedimasta ya riƙe ciki yana bubbuga tebur. Maman Auta ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa gogan, maimakon ya nutse, sai ya ɗaga faratan ya fara jawabi.

"Jama'a, ku tsaya ku ji! Wannan fatar da kuke gani ta wani zakara ce, gam ɗin ne kawai..."

Ni Auta nake kallo. Idonta ya cika da ƙwalla. Na ce shi ke nan, yarinyar nan ta gama magana a gaban mutane har ta tsufa. Sai na ga ta fito da hannayenta daga cikin riga, ta dunƙule su, ta ja numfashi.

"SHIRU!"

Wallahi sai da kwanon rufin ya amsa. Shekara tara tana tara muryar nan.

"Kowa ya zauna! Sarkin dawa ya iso!"

Na kan benci suka sauko. Hedimasta ya zauna. Zomo ya haɗiye kukansa ya zauna. Na-Iya, baki buɗe da ragowar jawabi a ciki, ya koma daɓas a kan katako ya naɗe ƙafa. Sai da aka ji ƙarar fankar sama. Daga nan tafi ya ɓarke, irin wanda ban taɓa ji a zauren nan ba, har aka gama wasan ba wanda ya san yadda ya ƙare. Uban ma ya so ya tafa, sai dai ƙwas-ƙwas ɗin roba kake ji, hawaye yana bin kumatunsa ba halin sharewa.

Bayan la'asar na shiga gidan in duba shi. Yana zaune a tsakar gida, hannaye biyu a cikin baho na ruwan sabulu. Maman Auta ta ajiye masa shinkafa a gabansa ta koma gefe tana kallo.

"Ci mana, Baban Auta. Mutum da cokali goma, me yake jira?"

"Ke dai ba ki san shiri ba. Duk abin nan da kika gani, da gangan na yi don yarinya ta saki jiki. Tela shaida ne."

"Ni allurata uku na shaida," na ce.

Auta ta zo ta zauna kusa da shi, har yanzu da gezarta a wuya. Ta ɗauki cokalin gaske ta ɗebo shinkafa.

"Baba, malama ta ce baɗi ni ce giwa."

Idonsa ya yi haske. Ya gyara zama har ruwan bahon ya fantsalo.

"Giwa? Ai haure ba wuya! Akwai wani tsohon bututun ruwa a wurin aikinmu, in na ɗan gasa shi a wuta na lanƙwasa..."

"Shiru, Baba," in ji Auta, ta cusa masa cokalin a baki.